Masu koyar da yara a gida, don Allah yaya kuke tsara yininku?

Maman Walid (Gadarif): Slm 'yan uwa barkanmu da yamma. Shawara nake nema wajen waɗanda ke koyar da yaransu a gida. Mu daga Madani yaƙi ya fito da mu tun Disamban 2023, yanzu muna gidan yayan maigidana a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, ɗaki ɗaya da rumfa aka ba mu. Yara huɗu ne, babbar ya kamata a ce tana aji uku na mutawassiɗ (ƙaramar sakandare), Walid aji biyar, mai bi masa aji biyu, sai auta da ko babbaƙu ba ta fara ba. Makarantar unguwar an buɗe amma aji ya cika maƙil yara har bakin taga, takardunsu kuma duk can muka baro, shi ne muka ce bari mu riƙe su a gida tukuna. Koyarwar ba ita ke damuna ba, na gama sanawi (babbar sakandare) alhamdulillah, tsarin ne ya gagare ni. Kullum da niyya nake kwana, gari na wayewa mai karo (amalanken jaki) ya zo da ruwa, a ɗora shayi, a nemi fensir a rasa, wannan na kuka wancan ya sulale waje, kafin ka ce me an kira azahar ba a buɗe littafi ba

Umm Hiba (Kassala): Wslm. Wayyo 'yar uwa kamar gidana kika leƙo kika rubuta 😂

Ustaz (Kosti): Wa alaikumus salam Maman Walid, Allah ya saka miki da alheri da wannan himma. Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma abin da zan faɗa shi ne makaranta ba gini ba ce, jadawali ne. Ki sami kwali ki rubuta Lahadi zuwa Alhamis, a fara ƙarfe 7 daidai, kowace hissa (darasi) minti 40, hissa huɗu kafin futur (karin kumallon hantsi) biyu bayansa. Lissafi ya zo farko lokacin da kai bai yi zafi ba, Larabci ya biyo, sauran darussa a baya. Ki liƙa kwalin inda kowa zai gani, kuma yaro ya wanke fuska ya canza riga kafin ya zauna ko da kan tabarmar da ya kwana ne. In kika bar abin ga "in an samu sarari" to ba za a samu ba har abada.

Umm Hiba (Kassala): Ustaz da girmanka amma wannan jadawalin na wanda ke da mai dafa masa abinci ne. Ƙarfe 7 daidai ina? ranar da aka kawo wuta ƙarfe 7 kowa gudu yake ya sa caji ya cika jarka kafin a ɗauke, ranar da layin burodi ya yi tsawo Allah kaɗai ya san lokacin dawowa. Kwali kam na liƙa, yana nan a bango har rana ta cinye rubutun, babu abin da ya ƙara min sai jin cewa kullum na makara

Ustaz (Kosti): To in babu lokaci tsayayye me za ki riƙe yaro da shi?

Umm Hiba (Kassala): Akwai lokaci tsayayye mana, ba dai na agogo ba ne. Ni da salla na ɗaure komai. Bayan asuba Alƙur'ani, wannan ba ya motsi ko sama za ta faɗo. Ana gama shayi sai lissafi da Larabci har a kira futur, ko ƙarfe nawa ne ban damu ba, abin da na sani kawai shayi sannan lissafi. Daga futur zuwa la'asar babu karatu sam, zafin Kassala a watan huɗu da biyar ya wuce digiri 40, yaron da ke zufa har takarda na jiƙewa me zai gane. Bayan la'asar a yi abu ɗaya mai sauƙi, Ingilishi ko kimiyya ko su karanta min labari ina tankaɗe. Kuma ku tuna tun da aka mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya a 2017 asuba a nan gabas ƙarfe huɗu da wani abu take yi, wani lokacin ma kafin nan, wato kafin 7 ɗin Ustaz mu mun ci rabin karatunmu cikin sanyi

Maman Walid (Gadarif): Wannan na ɗaurewa da salla ya shige ni gsky. Amma su huɗu fa, aji daban daban, ni ɗaya. Ina fara da wannan wancan ya fara wasa da ƙasa

Zainabu (Mai Wurno): Slm, Inna ce ta ji ina karanto mata ta ce lallai in rubuta muku. Ta ce wai ku 'yan boko kun mayar da abu mai sauƙi wahala. A makarantar allo malam ɗaya ne yara sun fi hamsin, kuma ba ya bin kowa da kowa, wanda ya wuce farfaru shi ke biya wa mai babbaƙu, wanda ya yi nisa ya duba allon na ƙasa da shi, malam sai dai a kawo masa a biya a wanke. Ta ce haka aka yi karatu a garin nan tun kakanni da suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma ba a rasa mahaddata ba. Ki sa babbar ta riƙe ƙananan biyu ke ki riƙe Walid, magana ta ƙare in ji ta

Maman Walid (Gadarif): A gaida Inna da kyau, a ce mata na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana

Anti Malama (Bur Sudan): Ina gaida Inna, maganarta gaskiya ce ta wani ɓangaren amma ni a nan zan tsaya. Ku dubi wadda ake cewa a ɗora wa. Yarinya ce da jarrabawar mutawassiɗ ke gabanta, ita ce ta fi kowa asara a gidan don ita ce lokacinta ke ƙurewa, mai aji biyu ko ya yi shekara bai yi komai ba zai kamo. Kuma na tabbata ita ke wanke wanke ita ke goyon auta. Yanzu a ƙara mata malanta? Na ga wannan a gidaje da yawa tun da aka rufe makarantu a Afrilun 2023, 'ya mace babba ta zama uwa ta zama malama, littafinta na ƙarƙashin katifa, in an yi shekara biyu a ce ai ta girma a yi mata aure. Ba wanda ya ce ta bar karatu, a hankali dai aka cinye mata lokacin

Zainabu (Mai Wurno): Inna ta ce wanda ya koyar ai shi ke ƙara ganewa

Anti Malama (Bur Sudan): Ƙwarai Inna, in abin da yake koyarwa kusa yake da nasa. Amma mai aji uku na mutawassiɗ tana koya wa yaro biyu a tara da uku, wane aljabra za ta ƙaru da shi a nan?

Abu Muhannad (Jidda): Ni dai ina ganin ana tsananta abin. Mu ma yayyenmu mata suka koya mana kuma ba su lalace ba

Anti Malama (Bur Sudan): Malam Abu Muhannad, su yayyen naka aji nawa suka kai?

Abu Muhannad (Jidda): 😅 a bar maganar

Umm Hiba (Kassala): 😂😂 Anti kin kashe baki. Amma akwai tsakiya fa. Hiba tana taimaka min, sai dai na yanke mata, abu ɗaya ne nata, ta saurari karatun ƙanenta bayan la'asar shi ke nan. Da safe kuwa ba mai taɓa ta, ko gishiri ya ƙare ba a aikenta, tana can bayan ɗaki da littafinta. Kuma namijin ma na ba shi nasa, shi ke koya wa ƙaramar ƙirga da 'ya'yan dabino kuma shi ke wanke kofunan shayi, da farko ya yi ta ƙunƙuni wai aikin mata, na ce to futur ma mata ke dafawa sai ka bari

Ustaz (Kosti): A kan wannan ina tare da Anti Malama ɗari bisa ɗari. Kuma Maman Walid ki lura da wani abu, yarinyar ta faɗo cikin canjin tsari. Da ana yin asas (firamare) shekara 8 sannan sanawi 3, yanzu an koma 6 da 3 da 3, littattafan ma an sake su. Kar wani ya ba ki tsohon littafin aji takwas na asas ki ɗauka shi ne nata. Ki duba bango ki ga an rubuta mutawassiɗ kuma na cibiyar manhaja ta Bakht Ruda ne. Ana samunsu a waya kyauta, mutane na ta turawa juna.

Maman Walid (Gadarif): Ina da su a waya Ustaz amma waya ɗaya ce a hannunmu, kuma da na miƙa wa Walid in juya baya ya shiga wasa. Ga caji

Baban Safiya (Damazin): Kar ki yarda karatu ya dogara da waya ko kaɗan. Ku tuna Fabrairun 2024 da shabaka (sabis na waya da intanet) ta ɗauke ƙasa baki ɗaya, mutane na tafiya kasuwa su biya kuɗin awa a wajen masu Starlink (intanet ta tauraron ɗan adam) don kawai su ce muna raye. Duk wanda darasinsa ke kan intanet a lokacin ya tsaya cak. Ni abin da nake yi, buga littafi duka tsada ne ba zan iya ba, sai in buga babi ɗaya kawai na wata guda, lissafi da Ingilishi, don su ne ba a iya kwafa da hannu cikin sauƙi. Tarihi da tarbiyya Islamiyya da su juguraafiya yaran ke kwafa da kansu daga waya da daddare in akwai caji, ina zaune kusa, kwafar ma ai karatu ce kuma rubutunsu ya gyaru sosai

Baban Safiya (Damazin): Sai maganar fensir da kika ce ana nema a rasa. Bokitin fenti babba mai murfi na samu na wanke, komai na makaranta a ciki yake, kowane yaro da ledarsa mai sunansa, fensir da abin gogewa a gwangwanin madara, alli a wani. An gama karatu a ƙirga fensir a rufe a ɗora kan bulo. Gara ba ta ci, ɗigar damina ba ta taɓawa, akuya ma ta haƙura, don wata rana akuyar maƙwabta ta cinye mana rabin littafin Larabci muna sallar la'asar, Safiya ta fito ta tarar da bangon kawai a bakinta tana taunawa tana kallonta. Kuma murfin bokitin in ka kifa shi tebur ne na mai rubutu

Umm Hiba (Kassala): Bokitin fenti!! wlh yau na ƙaru

Anti Malama (Bur Sudan): Ni jaka nake cewa a yi ba bokiti ba, kuma kun san dalili. Allah ya kiyaye amma duk wanda ya taɓa fita da rigar jikinsa ya san abin da za ka iya saɓawa a kafaɗa shi ne naka. Maman Walid ta ce takardun yara suna Madani, gidaje nawa ne haka. Takardar haihuwa, lambar ƙasa, sakamakon ajin ƙarshe in akwai, duk a leda ɗaya cikin jakar, a kuma ɗauki hotonsu a tura wa wani ɗan uwa da ke waje

Abu Muhannad (Jidda): Wannan kam ni ne ma'ajin danginmu, wayata cike take da takardun yaran mutane. To ni ga nawa tsarin daga nesa, iyalina suna Sinnar, duk Alhamis da daddare uwargida na turo min hoton abin da aka yi a satin in duba, in na ga an yi ƙoƙari in tura musu ɗan wani abu ta Bankak (manhajar banki ta waya) na alawa. Mu nan muna gaba da ku da awa ɗaya, to ina tashi aiki su suna gama magariba, sai in kira in yi wa babban tambayoyi. Lokacin korona a 2020 na ga yadda yaran nan Saudiyya suka yi karatu a gida ta Madrasati (dandalin karatu ta intanet), abin da ya riƙe su shi ne sun san akwai mai dubawa

Umm Hiba (Kassala): Malam Abu Muhannad kar ka ji haushi amma ku mazan da ke waje kun iya zama mufattishi (sufeton makaranta) 😂 ita tana fama da yara da girki da gawayi, kuma ta shirya maka rahoto ranar Alhamis. In za ka taimaka ɗauki darasi ɗaya ya zama naka kacokan. Ka ce Ingilishi nawa ne, ka riƙa turo muryar minti biyar, ka ba da aiki ka gyara da kanka

Abu Muhannad (Jidda): Ingilishin nawa ai na kasuwa ne Umm Hiba

Umm Hiba (Kassala): To ɗauki hadda

Abu Muhannad (Jidda): Wannan zan iya in sha Allah. Sai dai ni Warshu na taso da ita su kuma littafin makaranta Hafsu ne, ina biya musu suna ce min Baba ba haka ba ne

Zainabu (Mai Wurno): Inna ta ce Warshu ita ce karatun gidanmu kar ka sake ka bari yara su raina ta

Baban Safiya (Damazin): A khalwar (makarantar allon) unguwarmu kuma Duri ake yi, kun ga uku ke nan. Nawa dai na tsayar da su kan ɗaya har su yi ƙwari

Ustaz (Kosti): Duk ruwayoyi ne ingantattu, amma yaron da zai shiga jarrabawa a biya masa surorin manhaja yadda suke a littafinsa, in ya girma ya ƙara da sauran.

Admin: Jama'a maganar ruwaya a buɗe mata nata zaren, kun san in aka fara ba a gamawa. A koma kan tambayar Maman Walid

Ustaz (Kosti): To na koma. Na ji duk abin da aka ce kan agogo, ban canza ra'ayi ba don yaron da bai saba zama minti 40 a wuri ɗaya ba zai sha wuya ranar da ya koma aji, amma ku yi yadda ya sauwaƙa. Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba, shi ne daftari. Littafin rubutu guda, na uwa ba na yara ba. Kowace rana layi ɗaya ga kowane yaro: kwanan wata, darasi, shafi kaza zuwa kaza, ya gane ko a sake. Ba ya cin minti uku. Amfaninsa biyu. Na farko gobe da safe ba za ki tsaya kina tambaya ina muka tsaya ba, yaro kuma ya ce miki an wuce nan alhali ba a wuce ba. Na biyu ranar da za ki kai su makaranta babu takarda, shugaban makaranta zai dubi tsawon yaro ko ya yi masa tambaya biyu ya jefa shi ajin da ya ga dama, amma in kika ajiye masa daftari ya ga an gama babin kasr an shiga na nisba a lissafi, dole ya saurare ki. UNICEF ta ce a Oktoban 2023 yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Waɗanda ya kamata su zauna shahada (jarrabawar gama sanawi) a 2023 sai ƙarshen Disamban 2024 suka zauna. Duk waɗannan za su dawo layi ɗaya ne, ba mai lokacin bincika naki ɗaya ɗaya.

Anti Malama (Bur Sudan): Daftari kam eh. Ki ƙara da rubuta ranar da ba a yi ba da dalili, zazzaɓi, baƙi, rasuwa. In wata ya ƙare ki duba za ki ga abin da ke cin ranakun, wani lokacin ba abin da kike zato ba ne. Wata ƙawata da ta duba nata sai ta ga duk ranar kasuwa ce ke faɗuwa, kawai ta mayar da ita ranar hutu ta ɗauko Asabar ta sa a madadinta

Baban Safiya (Damazin): Kuma ke da kike Gadarif ki sa kaka a lissafi tun yanzu. Watan goma in riɗi ya nuna ba ya jira, in an bar shi ya fashe ya zube, gida duka gona ake tafiya, bayansa ga yankan dawa. Yayan maigidanki in manomi ne Walid ba zai zauna yana kallon 'yan uwansa na hawa tarakta ba. Gara ki ce wannan ne babban hutunku, ki matsa karatu a damina lokacin da laka ta hana kowa fita

Maman Walid (Gadarif): Manomi ne kuwa, bara ma haka aka yi sai ganinsu na yi sun dawo baƙi ƙirin 😂 Wata matsalar kuma yaran gidan da na maƙwabta, da sun ga mun shimfiɗa tabarma sai su zo su zauna, ba na iya korarsu gidansu ne mu ne baƙi, amma sai wurin ya koma hayaniya

Umm Hiba (Kassala): Kar ki kore su, ki je wajen iyayensu. Mu gida uku muka haɗa, ni Larabci da Alƙur'ani, maƙwabciyata ta yi jami'a ita ke lissafin manya, ta ukun ba ta yi boko ba amma ita ke kwashe duk ƙananan da ba su isa ba ta tafi da su gidanta har futur, kuma wlh aikinta ya fi namu amfani. Sharaɗi ɗaya muka sa, wanda ya zo ya zo da fensirinsa kuma ba fita sai an tashi. Wanda ya fita sau biyu uwarsa za ta zo ta zauna da shi

Zainabu (Mai Wurno): Inna ta ce to ai kun dawo makarantar allon da kuka ƙi 😂

Anti Malama (Bur Sudan): A ce wa Inna mun dawo amma babbar yarinya dai ba za ta riƙe aji ba

Maman Walid (Gadarif): Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Zan gwada na salla da daftari daga Lahadi, bokiti kuma akwai wani a bayan gida ana jiƙa wanki a ciki zan roƙa. Matar yayan maigidan zan same ta yau da daddare kan maganar ƙananan. Saura abu ɗaya, lissafin babbar ya fi ƙarfina daga inda aka fara mu'adala (aljabra) mai harafi biyu, na manta shi sam, kuma kuɗin mai darasi babu

Ustaz (Kosti): Ta ɗauki hoton shafin da tambayoyin da ta gwada, har waɗanda ta kuskure kar ta goge, ki turo min ta akwatin sirri. Zan amsa da murya in shabaka ta yarda, yawanci bayan isha ta fi kamawa a nan. Shafi nawa take?

Maman Walid (Gadarif): Bari ta dawo daga ɗibar ruwa in tambaye ta

Anti Malama (Bur Sudan): Ɗibar ruwa kuma? Walid yana ina?